Ƙwayoyin da Aka Binne a Gindin Aduwa

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar ɗiyata Rabi. Ni da damina nake ƙirga, sai ɗan ƙanena da ke koyarwa a lekwal, makarantar boko, a Tasawa ya lissafa ya ce haka ne, kuma shi ke riƙe da alƙalami ina faɗa. Na ce masa in ya ji na yi shiru, kuka nake, ya jira ni.

A ƙauyenmu na haife ta, kusa da Kanan Bakashe, cikin babban farin nan da ya ƙarar da shanu, gab da sojoji su karɓi mulki karo na farko. Ungozoma ta daɗe tana dubanta kafin ta ce mace ce. Halittarta ta ɗan bambanta da ta sauran jarirai. Matar ta rufe ta da zane, ta dube ni, ni kuwa ban tambaya ba.

Rabi ta tashi da sauri. Tun tana ƙarama ta fi yayyenta maza tsawo, kuma a rijiyarmu mai zurfi ita kaɗai ke jan gugan da mata biyu ke haɗuwa a kansa. Sai tsawon ya tsaya cak, sa'o'inta suka wuce ta, ta zauna gajeriya mai faɗin kafaɗa. Muryarta ta yi kauri. Gashi ya fito mata a haɓa, tana shiga bayan rumbu tana cirewa. Ga son gishiri, har wanda ake ajiye wa tumaki sai na ɓoye. Duk wannan ta ɗauke shi da dariya. Abu guda ne ya karya ta: al'ada ba ta zo mata ba.

Wanda ya tashi a birni zai ce wa zai sani. A ƙauye ba a faɗa, gani ake yi. Ana ganin wadda ba ta ɗauki buta ba da magariba. Ana ganin wadda ta shige ɗakin girki da rana cikin azumi, da wadda ke ramuwa bayan salla. Ƙawayen Rabi ɗaya bayan ɗaya suka shiga fashin salla, suna zama bakin rijiya suna ƙorafin ciwon mara, ita kuwa kullum tana kan tabarma. Tsofaffin maza har yabonta suke, wai ɗiyar Malam ba ta taɓa shan azumi ba. Matan kuma su sunkuyar da kai.

Zuwaira, ɗiyar gwaggonta kuma abokiyar wasanta, ita ta laƙaba mata Liman. "Liman, yau da wace sura za a ja mu?" Rabi takan ce, "Ke da fashinki ke cin rabin wata, al'ada ce ko tsoron ruwan sanyi?" A yi dariya a watse. Idan ta dawo gida sai ta zauna kusa da ni tana tsintar wake, ta ce, "Inna, ni ko ciwon marar ma a ba ni."

Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, bai zauna ba. Rubutu, jiƙo, sassaƙe, turare, babu wanda bai kawo ba. A wajenmu kuwa magani yana da ƙa'ida. Ana sha har abin da ake nema ya samu, daga nan a kai wa mai shi goro, a fitar da ragowar daga ɗaki a binne. Wanda ya warke ya bar magani a ɗakinsa, cewa ake yana kiran ciwon ya dawo. Haka muka iske iyayenmu suna yi.

Rabi ta haura ashirin lokacin da wani majo, ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin Mayahi da muke kira likita, inda ta raka ni da ciwon ido, ya ji muryarta, ya dubi haɓarta, ya ce a kai ta babban asibiti a Maradi. Malam ya sayar da akuya suka tafi. Suka dawo da wasu ƴan fararen ƙwayoyi a gwangwani, na safe da na yamma, da gargaɗin kada ta fasa sha. Ba mu ɗauki gargaɗin da nauyi ba, domin duk mai maganin da muka taɓa zuwa wurinsa haka yake cewa.

Ta sha kusan shekara. Fuskarta ta yi laushi, kwaɗayin gishirin ya ragu. Bayan kaka, shekarar da gero ya ƙone tun bai yi ido ba, lokacin ma soja ne ke sama, jinin ya zo. Ya sake zuwa. Na uku ya faɗo cikin azumi.

Ban taɓa ganin mutum ya sha azumi da farin ciki irin na ranar ba. Sauran mata a ɓoye suke ci. Rabi ta dama fura da tsakar rana, ta zauna a bakin ɗakin girki, tana buga ludayi a ƙwarya yadda za a ji a maƙwabta. Zuwaira ta leƙo ta kan darni ta ce, "Yau an sauke Liman?" Rabi ta ce, "Ya yi murabus. Shigo ki ga yadda ake cin abinci."

Bayan salla Malam ya ce alhamdulillahi, buƙata ta biya. Ya yi sadakar waina. Ya ɗauki gwangwanin da sauran ƙwayoyin ya binne a gindin aduwar da ke bayan gidanmu, muna tsaye muna godiya ga Allah, har da Rabi. Rumbu babu komai, hanyar Maradi ta yi mana nisa, kowa ya ji an sauke masa kaya.

Ba a jima ba ta fara kasala. Ta ɗauki tulu ta ajiye, ta tashi ta ga jiri. Muka ce yunwa ce, domin shekarar kowa jiri yake gani. Zafi ya fara shigowa, ƙawayenta suka ɗaura ramuwar azumi, ita ma ta ce da ita. Na ce ta bari ta ji ƙarfi. Ta ce, "Inna, tun da nake ban taɓa ramuwa ba. Ki bar ni in yi tare da su." Cikin kwanakin nan zazzaɓi ya kama ta, sai amai, sai gudawa. Irin wanda kan kwantar da mutum kwana biyu ya tashi. Ita jikinta ya saki gaba ɗaya, tana roƙon ruwan gishiri da muryar da ba ta fita. Muka ɗora ta a amalanke da hantsi muka nufi likita. Kanta yana bisa cinyata ta cika, muna hango rufin kwanon likitar.

Malam ya rayu shekaru bayanta, ya tafi bai san me ya ɗauke ta ba. Ni sai da Sani, ƙanenta, ya haifi ɗiya na sani. Ni na yi wa jaririyar wanka, na ga abin da na taɓa gani. Wannan karon na yi magana. Aka kai ta Maradi, daga can aka tura su Yamai, na bi su. Lokotoron da ya duba ta a asibitin can ya zaunar da mu ya ce akwai wata ƴar tsoka a bisa ƙoda da ke yin ruwan da ke tallafar jiki lokacin ciwo, da wanda ke riƙe gishiri. A jikin irin waɗannan yara ba ta iya yin su yadda ya kamata, sai ta yi ta zubo irin ruwan da ke sa namiji gemu da murya, shi kuma ya tare al'ada. Gado ne daga uwa da uba duka, in ji shi. Ƙwayar tana tsaya wa jiki ne a madadin abin da ya rasa, don haka babu ranar gamawa. Na ba shi labarin Rabi da gwangwani. Sannan ya ce ranar da ta fara amai, ƙarin ƙwayar take buƙata da allura.



Nakan tambayi kaina me Rabi za ta ce da ta leƙo yau. Za ta tarar soja ya dawo, ruwa yana ɗaukewa ana tsaka da noma, maza suna tafiya ci-rani tun ba a gama girbi ba. Ina jin za ta ce ashe ba ta yi nisa ba. Amma za ta ga babur yana kai mara lafiya Mayahi kafin a gama ɗaura wa jaki amalanke. Za ta ga Nana, ɗiyar Sani, budurwa mai siririyar murya, tana zuwa lekwal, tana kwanciya rub da ciki tana tsine wa ciwon mara. Na san za ta zaunar da ita ta ce ta ba ta labarinsa dalla-dalla.

Al'adar Nana ta zo bara, ta yi wasa da mu wata biyu, sannan ta daidaita. Tun da aka taɓa rufe iyaka ƙwayar ta yi wuyar samu, wani lokaci sai Sani ya kwana a Maradi yana bin farmasi. Hajara, uwar Nana, mace ce mai haƙuri, amma ta gaji. Ta same ni ina kaɗi ta ce, "Inna, tunda abin ya zo, ba a ɗan huta ba? Mata suna cewa ajiye magani a ɗakin budurwa ba kyau." Ban yi mata faɗa ba. Kalmomin da ta faɗa na taɓa jin su a bakin mutumin da ya fi kowa son Rabi. Na ce to, a fitar da shi daga ɗakin budurwa a kawo ɗakin tsohuwa. Tun daga ranar gwangwanin yana cikin kwanon gorona, Nana na zuwa gaisuwa safe da yamma ta sha a gabana.

Sai dai ƙafafuna sun daina kai ni rijiya, kuma idona yana dushewa. Ranar da aka fitar da ni, wa zai riƙe kwanon? Shi ya hana ni barci. Shi ne kuma ya sa na ce a rubuta wannan a jarida, ko akwai wani gida da ke shirin yin sadakar waina.

Makon jiya na dafa kafaɗar Nana muka je gindin aduwa. Na nuna mata wurin, na faɗa mata komai, har da bugun ludayi. Ta yi dariya a nan, sannan ta yi kuka. Muka dawo ɗaki na ce ta ɗauki gwangwaninta, na gaji da gadi. Ta ce, "Tsohuwa, in Inna ta ce a binne fa?" Na ce ta kawo ta nan bayan gida ta nuna mata. Ta juya gwangwanin a hannunta ta ce, "A'a. Zan ce mata an riga an binne na gidan nan."

Rabi ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba. Kabarinta ya baje, rairayi ya shafe shi. Zuwaira ma ta bi ta. Abin da ya rage mini shi ne muryar nan mai kauri tana ce mini Inna, da wata uku da ta yi tana mace kamar kowa a idon ƙauye. Yanzu kuma, in gari ya waye, nakan ji ta cikin zana Nana tana buɗe gwangwani a ɗakinta, ƙwayoyin suna ƙara. Sai na ji wannan nake tashi in nemi butata.

Allah ya jiƙan Rabi, ya karɓi abin da ta samu yi na ramuwarta.