Ranar da na zauna a hanya da kwandon surukata

Shekarun baya, ina amarya a wani ƙauye kusa da Sara, surukata ta ce in raka ta daji mu tsinko yaɗiya, za a yi wa yaran gida kwaɗo. Bazara ce, an yi yayyafin farko. Tumfafiya ta yi fure, albasar kwaɗi ta fito fara tas a bakin rafi. Ni kuwa duk tsiron da na gani sai na tsaya na kira sunansa a raina, don tun ina yarinya nake tsoron kai wa baki abin da ban sani ba.

A gindin wata sabara na ga surukata tana zuge ganye da sauri. Yaɗiya ce ta nannaɗe wajen, amma akwai wani tsiro a cikinta mai ganye da gashi-gashi. Mahaifiyata ta koya mini: ka karya yaɗiya, ruwanta garau yake, in ka ga fari kamar nono, fataka ce, wadda majema ke cire gashin fata da ita, ba a cin ta.

A wajenmu amarya ba ta gyara wa suruka magana. Na bi ta da kwandon a kai, ina ta tuna ƙannen mijina da za su ci. Da muka hango gari sai na sauke, na zauna a tsakiyar hanya, na fara karya ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Ke 'yar nan, lafiyarki? Tun ba a haifi uwarki ba nake tsinkar yaɗiya. Tashi!"

"Inna, ki yi haƙuri, ba zan tashi ba."

Wani mai babur ya tsaya yana dariya: "Inna, amaryar taki kasuwa ta buɗe?" Ban ɗaga kai ba. Can wani reshe ya zubo farin ruwa a yatsana, na miƙa mata.

Ta duba, ta taɓe baki. "To, sai me? Ai da na gani a gida."

Wataƙila da ta gani ɗin. Har ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta ce na yi daidai ba, kuma an daɗe ana gulmar amarya marar kunya. Na yi kukan wannan sosai. Amma ban ba kowa haƙuri a kai ba, ba kuma zan bayar ba. Har gobe, duk mai kawo mini yaɗiya sai ta tsaya na karya a gabanta.