Kifin da Na Nuna wa Anti Rabi

Wata ranar Laraba a watan Mauludi, shekarar da nake aji biyar, na tsaya a layin masu kifi na kasuwar Nima riƙe da kwando, Anti Rabi tana gefena ta toshe hanci da bakin mayafinta. Amaryar Baffa Sale ce, ƙanen mahaifina, wadda ya auro daga Maraɗi, kuma ko sati biyu ba ta cika ba a Ankara, kamar yadda muke kiran Accra. Ba ta taɓa ganin teku ba. Kifin da ta sani bai wuce tarwaɗa da busasshen kifin miya ba. Kakarmu kuwa an sallamo ta daga asibiti, haƙoranta 'yan kaɗan ne suka rage, ta ce ba abin da ranta yake so sai romon kinfish. Aka ce amarya ta dafa, ya zama girkinta na farko a gidan, ni kuma aka haɗa ni da ita in nuna mata kifin.

Mu 'ya'yan Nima tun kafin mu haddace ƙananan surori mun san kifayen nan biyu. Tuna gajere ne mai kauri kamar turmi, bayansa baƙi, namansa ja kamar na sa. In ya sha wuta sai ya ƙame ya yi tauri, shi ya sa ake ƙyafe shi ko a soya, a marmashe a cikin shito, soyayyen yajin nan namu, ko a miyar wake da shinkafa. Kinfish kuwa dogo ne siriri mai ƙyalli kamar sabuwar wuƙa, bakinsa cike da haƙora, namansa fari mai maiƙo da laushi. Tafasa ɗaya ya ishe shi, ko jariri zai iya ci.

Amma a ranar da haushinta na fito. Da safe, a bakin famfon gidanmu, gaban ƙawayena da muke wasan ampe na tsalle da tafi, na ce mata, "Mama ya ce in raka ka kasuwa." Haka muke magana a Zango, ba ruwanmu da namiji ko mace. Sai ta yi murmushi ta ce, "Mama ta ce, ɗiyata. Kuma raka ki za ki ce, ni ba namiji ba ce." Ƙawayena suka fashe da dariya, alhali su ma haka suke faɗa. Don haka da muka isa gaban daron wata mai kifi, Anti Rabi ta tambaye ni wanne ne, sai na miƙa yatsa na nuna mata tuna. Ba ta jin yaren Ga na masu kifin, ba ta jin Turanci, da bakina aka yi cinikin. Har godiya ta yi mini a hanya, ta saya mini rake.

Na zauna a kan bokiti ina kallonta tana fifita murhun gawayi. Ta jajjaga tattasai da citta, ta zuba kifin, ta taɓa ta ji tauri, sai ta ƙara wuta kamar mai dafa naman tsohuwar saniya. Tana ƙara wuta yana ƙara ƙamewa. Sau biyu na buɗe baki in yi magana, na rufe. Bayan la'asar ta kai wa Kaka kwanon, matan gidan haya duk suna tsakar gida suna tsinke alayyafo. Kaka ta sa loma ɗaya, ta juya ta a baki, ta tofar a tafin hannunta ta ce, "Wannan kifi ne ko icce?" Dariya ta ɓarke har masu wanki suka leƙo. Daga ranar wasu suka riƙa kiranta Mai Icce a bayan idonta, har tsawon shekaru.

Mamana ta duba tukunyar, ta ga jan nama, ta juyo ta zuba mini ido. Kafin ta yi magana Anti Rabi ta ce, "Yaya, yarinyar ta nuna mini, ni ce na ga wannan ya fi tsoka na ɗauka." Ta kwashe kwanon ta shige bayan banɗaki, na ji tana jan hanci. Kaka ta sha koko kawai. Da Mama ta kira ni ta tsefe mini kai, ba ta doke ni ba, ba ta ma tambaye ni ba. Tana jan gashina ta ce, "Baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe, wanda ya ja shi rami kuwa Allah yana kallonsa." Da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Larabar da ta biyo, Anti Rabi ta miƙo mini kwando da kanta ta ce, "Taso, ɗiyata, yau ki koya mini da kyau." Na koya mata, kaina a sunkuye.

Yau Kaka da Baffa Sale duk sun riga mu gidan gaskiya. Anti Rabi tana unguwar Madina a nan Ankara, ta tsufa, tana suyar kifi a ƙofar gidanta, har 'yan Ga suna tsayawa su saya. 'Ya'yana kuwa daga shagon ƙanƙara suke sayo kifi a yanke cikin leda, ba su san kai ba balle wutsiya. Bara na je gaishe ta da niyyar in faɗi abin da na yi, na zauna, na sha ruwa, na ci abin da ta zuba mini, na taso ban faɗa ba. Ta yafe tun ina yarinya, ni ce har yau na kasa roƙa.