Ruwan Randa a Catford

Assalamu alaikum. Wata takwas ban ce muku uffan ba, har wasu sun fara tambayar 'yata Bilkisu a kaikaice ko ina nan. To, ina nan.

Ƙululu na ji a nono ina wanka. Aka ɗauki hoto, aka tsakuri nama, likita ya ce ciwon daji ne. Tiyata ba ta ba ni wuya ba. Chemo, maganin dajin da ake ɗurawa ta jijiya, ita ce ta nuna min iyakata.

Amai ba ƙaƙƙautawa. Ko ruwa na kurɓa sai ya dawo, ɗanɗanonsa kamar na tsotsi tsohon kwabo. Sau biyu ana kwantar da ni ƙarin ruwa. Likita ya ce, "Mama, in kika ci gaba da bushewa haka, ƙoda za ta taɓu, dole mu dakatar da maganin." Nan tsoro ya kama ni, don saura zagaye uku.

A ɗakin chemo, wata tsohuwa 'yar Indiya ke zama kusa da ni. Ta ce a maganinsu na gargajiya amai iri-iri ne, har da wanda rai ne kawai ya ƙyamaci abu. Shi wannan, abin da ran mutum ke so ake ba shi, ƙamshi ko ɗanɗano.

Sai ta tambaye ni, "Wane ruwa kika fi so a duniya?"

Ban san sanda na ce na randar Inna ba. Gindin darbejiya take a gidanmu. Inna kan turara ta da jiji, mu dawo daga makarantar allo mu yi ta kokawar moɗa. Shekara hamsin rabona da wannan ƙamshi.

Tsohuwar ta yi dariya, ta ce ai su ma suna da tukunyar ƙasa, ana sayarwa a shagunansu.

Da na ce wa Bilkisu ta sayo min, ta ce, "Umma, randa a London? Saura ki ce mu haƙa rijiya a flat ɗin nan da muke zaune."

"Ke dai sayo, uwar tsiwa."

Likita ya yarda, muddin za a tafasa ruwan, a sauya kullum, kuma ba zan bar ƙwayar hana amai ba.

Bilkisu ta sayo. Kurɓar farko na rufe ido ina jiran ya dawo. Bai dawo ba. Kuka ne ya zo.

Ban ce randa ta warkar da ni ba. Ta dai sa na sha ruwa har na gama zagayen. Hoton ƙarshe ya fito fes, Alhamdulillah.

Bilkisu, Allah ya yi miki albarka. Ku da kuka yi addu'a, na gode.

Wadda ta ji ƙululu, kada ta jira. Kada a sha komai a ɓoye wa likita. In kuma kuna jinyar tsoho ya ƙi ci ya ƙi sha, kafin ku yi masa faɗa, ku tambaye shi me yake sha yana yaro.