Zobban da Madubi Zai Girma Ya Tarar

Wata Asabar cikin Satumbar 2012 na tarar da Baba a gidanmu na unguwar Edgbaston, can ƙasar Turawa, ya shimfiɗa bindigar iska a kan teburin cin abinci, kamar majinyacin da za a yi wa fiɗa. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, kowa shi ke korar ɓeran gidansa, mu kuwa kurege ne ya addabe mu. Ya gama da tumatirin Mama, ya koma zagayen kabewa ɗaya tilo da ta yi wata da watanni tana reno a lambu, wadda ta ci alwashin yin miyar taushe da ita ranar babbar sallah. Aikina kullum bayan makaranta shi ne in ba kabewar ruwa, in tsince mata dodon koɗi.

Baba likita ne, amma bai taɓa barin mu manta cewa kakansa maharbi ba ne. Ya sayi bindiga, ya sayi madubin saiti, saura zobba biyun da ke riƙe madubin a bisa bindigar. Kawu Sani, ƙanen Mama, injiniya ne, ya bugo waya daga unguwarsu ta Whalley Range ya ce kaurin madubin inci ɗaya ne, don haka a nemi zobe mai inci ɗaya. Sai dai Baba yana da ƙa'idar da ba ya saɓawa a kowane kanti: "A sayi babba, yaro zai girma ya tarar." Da ita na yi firamare cikin takalmin da aka cusa wa jarida, da rigar sanyin da hannunta ke riga yatsuna shiga miya. Haka ya dawo da zobba masu milimita talatin, madubin na yawo a ciki kamar ludayi a tukunya. Kawu ya ce, "Yaya, madubi fa ba ya girma." Baba ya ce injiniyoyi sun cika tsoro, ya yanko ƙyallen atamfa ya naɗe madubin, ya ɗaure tamau.

Washegari da hantsi kurege ya hau shinge. Baba ya durƙusa a tagar kicin, ya yi bisimilla, ya danna kunama. Kuregen ya ɗago ya dube mu kamar malamin da aka katse wa karatu, ya ci gaba da harkarsa. Kabewar ce ta samu, daidai cibiya. Mama ta duba raunin ta ce, "To Likita, sai ka rubuta mata magani." A ranar muka sha taushe, sallah da sauran nisa, kowa na tauna a hankali domin ba a ga harsashin ba.

Yanzu komai a kan awo nake saye, ba lambu, ba kurege, Baba ma ya kwanta dama. Amma kwanan baya na je sayen wa 'yata takalmi, sai na ga hannuna ya zarce zuwa lamba ta gaba. Wanda ya saya maka babba, ya sa rai za ka daɗe.