Akuyar da Baba Danda Bai Yanka Ba

Kakanmu Jatau ya fara fawa a kasuwar Mayahi da faifai ɗaya a gindin gawo. Babanmu Danda ne ya kafa rumfar zana a wurin, daga baya ya rufa mata kwano. Yanzu yayana Muddassir ya kawo firji, yana ta hura hanci kamar shi ya ƙera shi.

Amma ba kwano ko firji ya sa aka san rumfarmu ba, hannun Baba ne. Tun zamanin Jatau ba a yanka dabba mai ciki a gidanmu. Kafin Baba ya sayi akuya sai ya durƙusa, ya tura yatsu gaban hantsarta, ya rufe ido. Ko cikin wata biyu ne sai ya gano. Shekara arba'in bai taɓa feɗe akuya ya tarar da ɗa ba, kuma ba ya gajiya da faɗa. Mu ƴaƴansa mun ji har mun haddace.

Bara yatsunsa suka fara mutuwa. Ni na fara lura, don ni ke kai masa fura: ludayi na zame masa, sai ya ce wai ludayin ne ya yi santsi. Baba da taurin kai, ko jaki albarka.

Wata ranar kasuwa wani makiyayi daga Attantane ya kawo jar akuya. Baba ya lalube ta, ya ce ba komai, a kai mayanka. Muddassir ya kama ta zai ja, hannunsa ya bi ta cikinta, sai na ga ya tsaya. Mahauta sun fi biyar a wurin, duk waɗanda Baba ya koya wa aiki.

Na gane ya ji akuyar na da ciki. Na san bakin Muddassir, ba ya tauna magana.

Sai ya ce, "Baba, wagga ba ta da nama. Mu kai ta gida ta ci harawa tukuna."

Akuyar kuwa har sheƙi take. Baba ya dube ta, ya dubi ɗansa, ya daɗe yana murza yatsunsa.

Ya ce, "To, a kai ta."

Ban taɓa son yayana kamar ranar ba.

Bayan wata uku ta haifi tagwaye a bayan ɗakin Inna. Baba ya je ya tsaya a kansu. Da kasuwa ta zagayo aka kawo wata akuya, ya fara durƙusawa kamar kullum, sai ya fasa. A gaban mahautan nan duka ya ɗaga murya.

"Muddassir, taho ka taɓa mini wagga. Ni hannuna ya tsuhwa."