Yaya Bulus da faifan mutum goma sha biyu

Shekara goma sha tara ke nan da muka binne yayana, Malam Bulus, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kafur da Malumfashi. Bana ban je kabarinsa ba. 'Ya'yana sun hana ni, sun ce hanyar ba ta biyuwa, tun farkon shuka ake kwashe mutane a gonakin da ke bakinta. Sai na zauna a Funtua, na buɗe akwati na ɗauko faifan da ya bar mini.

Asali faifan na Emeka ne, wani Ibo da ke sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Funtua a shekarun 1960. Lokacin Yaya yana koyarwa a makarantar mishan, ni kuma ina da shekara ashirin, ina aiki a ɗakin shan magani, ni da Yaya gida ɗaya muke zaune. A Kaduna Emeka ya sayo shi. Kiɗan baƙaƙen Amurka ne, kuma abin da ya ba mu mamaki shi ne faifai ɗaya amma makaɗa goma sha biyu, shida a gaba shida a baya, kowa da waƙarsa da hotonsa a jikin kwali. Yaya ya karanta mana cewa sunan kiɗan jaz da buluz. Maƙwabcinmu Malam Sani tela ya ce, "Ashe har Amurka sunanka ya kai, Bulus."

Duk Lahadi bayan la'asar Emeka zai zo da garmahonsa mai batir, Malam Sani ya shigo daga masallaci, mu zauna a zaure. Kowa da gwaninsa. Emeka na masu busa ƙaho ne, da an sa su sai ya miƙe yana taka rawa. Yaya na mai fiyano. Malam Sani kuwa wani tsoho mai jita yake jira, yana cewa salon gurmi ne wannan, ko shakka babu kakan mutumin daga ƙasarmu aka sayar da shi. Waƙar ƙarshe ta wata mata ce mai kaurin murya. Yaya ya ce labarin mutanen da aka kora daga garinsu take yi. Emeka bai taɓa bari ta kai ƙarshe ba, yakan ɗage allurar ya ce ba ya son ta.

A 1966 abubuwa suka fara sauyawa, a hankali. Gaisuwa ta gajarta. Mutane su taru a gindin rediyo, Emeka na zuwa wucewa sai a yi tsit. Mahaucin da ya saba yi masa gyara ya daina ɗago kai. Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ne ya fi damun Yaya.

Wata rana da hantsi sai ga Emeka da garmaho a ka, ko takalmi babu. Ya ce, "Malam, ajiye mini wannan." Daga wajen kasuwa muna jiyo ihu. Yaya bai tambaye shi komai ba, ya tura shi ɗakin hatsi ya jera buhunan masara a gabansa. Ni na zare faifan na cusa ƙarƙashin katifata, har yau ban san dalilin da ya sa na yi hakan ba.

Da azahar masu farautar Ibo suka iso, sun kai mutum goma, da sanduna. Na san yawancinsu. Akwai wanda Yaya ke koyar da ɗansa, akwai wanda na wanke wa gyambo wata biyu. Malam Sani ya tare ƙofa da igiyar awonsa a wuya, ya ce, "Babu kowa a nan sai malamin 'ya'yanku da ƙanwarsa." Ɗaya ya leƙa zaure ya hango garmaho, ya ce, "Wannan fa, na wane ne?" Yaya ya ce, "Nawa ne." Ita ce ƙarya ɗaya da na taɓa ji daga bakinsa. Mutumin ya dube shi ya daɗe, sannan ya ɗaga sanda ya farfasa garmahon, suka wuce.

Washegari Malam Sani ya sa wa Emeka babbar riga da hular da ya ɗinka wa wani Alhaji, suka ɗora shi a motar hatsi mai zuwa Zariya. Tun daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan yaƙin basasa Yaya ya yi ta rubuta wasiƙu zuwa garin da Emeka ya ce mana nasu ne. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Sai bayan shekaru Yaya ya sayi nasa garmahon. Yakan sa faifan ranar Lahadi shi da Malam Sani, su saurari goma sha biyun duka, har da matar nan. Mutumin da ya fasa garmahon kuwa, Yaya bai daina gaishe shi a kasuwa ba har ya rasu. Na taɓa yi wa Yaya faɗa a kai. Ya ce, "Rahila, daga daina gaisuwa aka fara."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokinsa suna da kiɗan duniya duka a waya, ba su san zaman mutum huɗu a kan faifai ɗaya ba. Wannan ba zai dame shi ba. Abin da zai dame shi shi ne tsit ɗin nan ya dawo. 'Yan bindiga sun kashe mana mutane, sun hana noma, gaskiya ne, kuma ni ma na yi rashi. Amma yanzu mai tallar nono na shigowa layi sai hira ta tsaya, alhali kakanninta tare da namu suka yi noma. Ina jin maganganu a kasuwa, ina jin su a bakin coci, irin waɗanda na ji ina budurwa.

Yaya bai bar dukiya ba, gonarsa ma ta zama daji. Ya dai bar ɗa, Ishaya, yana Malumfashi. Makon jiya aka ƙona wata ruga kusa da su, wadda ba ruwanta da komai. Daga can Ishaya ya kwaso Hauwa, matar da ta shekara ashirin tana kawo musu nono, da 'ya'yanta uku, ya ba su ɗaki. Jiya ya kira ni ya ce, "Gwaggo, mutanen unguwa sun zo. Sun ce in fitar da su kafin Juma'a." Na tambaye shi me ya yanke. Ya ce, "Na ƙara musu tabarma."

Yau Laraba.