Direban Fijon da Ba Ta Fita

Malam Datti direba ne, ko da yake shekara goma sha ɗaya ke nan bai tuƙa mota ba. A Unguwar Kanawa ba wanda ya isa ya kira shi tsohon direba. Kullum da safe sai ya fito da bokiti da tsumma ya wanke farar fijon da ke ƙofar gidansa, ya buɗe littafin tafiye-tafiyenta, ya sa kwanan wata, ya rubuta cewa yau ba a fita ba, ya sa hannu. Yana kan littafi na tara, dukkansu da kuɗinsa ya saye su.

Motar ta wani kamfanin buga littattafan makaranta ce da ke unguwar Doka. Ranar da kamfanin ya durƙushe aka raba wa ma'aikata takardun sallama, Datti yana gareji ana gyaran birki. Da ya dawo bayan la'asar sai ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ba manaja, ba maigadi. Abin da aka koya masa shi ne direba ba ya miƙa makulli sai ga wanda ya ba shi. Bai gan shi ba, sai ya wuce gida da mota.

Bayan haka an sauya wa kamfanin suna sau biyu, an haɗe shi da wani, an kuma raba su. Kowane sabon shugaba ya yi jawabi. Ba wanda ya tambayi fijo.

Abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar 'yan fansho, suna taro duk wata a gindin wani mangwaro. Datti ya je da sabuwar hula. Aka bayyana masa cikin mutunci cewa ƙa'idar kamfani shekara goma ce, shi kuwa tara da wata huɗu ya yi kafin a rufe. Aka ba shi shayi, ba a rubuta sunansa ba. Wannan ne abin da ya tsaya masa a rai. Matarsa Hansai ta sha cewa ya sayar da motar ko ya bar kajinta su ci amfaninta. Ya ƙi. Abin da ta samu kawai shi ne izinin shanya kuɓewa a saman motar, bayan an shimfiɗa buhu.

Ana nan sai kotu ta yanke cewa a rushe kamfanin gaba ɗaya, ta naɗa wata lauya, Barista Nafisat, ta tattara kadarorinsa. A tsohon jerin kaya ta ga fijo tsakanin keken rubutu da fanka. Ta yi ta tambaya har aka kawo ta ƙofar Datti. Ya nemi takardarta ta kotu, ya karanta sau biyu, sannan ya ce kafin makulli sai ta duba littattafai, haka ake miƙa mota. Ta zauna a tabarma don kada ta ɓata masa rai. A littafi na uku ta ɗago kai ta tambaye shi ina takardar sallamarsa. Ya ce ba a taɓa ba shi ba, ai yana gareji.

Ta kai maganar gaban alƙali: ga mutumin da ba a sallama ba, yana riƙe da kayan kamfani, yana sa hannu kullum. Lauyan bankin da ke bin kamfanin bashi ya yi gardama, aka jibge masa littattafai tara a gaba. Alƙali ya ƙirga wa Datti shekara ashirin a bakin aiki, ya zarce shugaban ƙungiyar 'yan fansho da biyu.

A bakin kotu Nafisat ta ja shi gefe.

"Baba, kada in yaudare ka. Asusun fanshon nan kusan ba komai a ciki, banki kuma yana gabanku a layi."

"Na sani, Barista," in ji shi. "Ai sauran ma ba a biyan su. Ni dai a riƙa hana ni tare da su."

Ranar da aka zo janye fijon zuwa gwanjo, Hansai ta kwashe kuɓewarta, shi kuma ya rubuta cewa yau an fita.

Yanzu benci na gaba yake zama a gindin mangwaro. Da aka ga ya iya riƙon littafi, sai aka danƙa masa na ƙungiya. Duk wata yana sa kwanan wata, ya rubuta cewa ba a biya ba, ya sa hannu.